Gashin Baki a Gwangwanin Hajiya

Waɗanda muke tare tun farko kun san halina, kunnena ya fi bakina aiki. Waɗanda kuma yau kuka leƙo, ku matso in faɗa muku inda aka kwana. Ni bazawara ce, ban cika ashirin da biyar ba. Ɗinkin labule nake yi a shagon wata baiwar Allah da muke ce wa Anti, da yamma kuma ina zuwa makarantar manya, inda na koyi karatun da nake rubuta muku wannan da shi. In kun ga harafi ya karkace, ku daidaita shi a zuciyarku.

Aurena na fari a kan haihuwa ya mutu. Shekara uku ina gidan, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Mijin, wanda 'yan shagonmu suka raɗa wa Ɗan Gayu saboda turarensa kan riga shi shigowa, ya sallame ni ba zagi ba duka, ya ce kowa ya gwada sa'arsa a gaba. Ga shi shekara ba ta zagayo ba ya dawo neman kome. Yayana ya tsaya masa tsayin daka. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai dai duk lokacin da aka ɗauko maganar takan tashi ta shiga gyaran gadon da ta riga ta gyara.

Ni kuwa, 'yan uwa, zuciyata tana can saman tsani.

Mu muke ɗinka labule, shi yake zuwa gidajen mutane ya huda bango ya kafa ƙarfen ratayawa. Mai Tsani kowa ke ce masa. Dogo ne siriri, fensir a bayan kunne, farar ƙurar bango a girarsa kamar wanda furfura ta yi wa sammako. Aljihun rigarsa kullum yana ƙara saboda ƙusoshi. Idan ya shigo shago sai ya jingina tsaninsa a bakin ƙofa, ya gaida Anti, ya gaida kowa, ni ce ta ƙarshe, kuma gaisuwata ta fi ta kowa gajarta. Da haka 'yan shago suka gano shi tun ni ban gano ba.

Da farko saƙon murya yake turo min, don an gaya masa ban iya karatu ba. Ranar da ya ga littafin makaranta a ƙarƙashin kekena, sai ya daina. Ya koma rubutu, layi ɗaya tak kowace safiya, kalmomi gajeru waɗanda ba za su wahalar da ni ba. "Yau na ga taga mai kallon gabas. Na tuna ki." Ko kuma, "Bangon gidan nan ya fi kan Anti tauri." Nakan zauna a bakin katifa in bi su da yatsa, in karanta a zuci, in sake karantawa a fili ƙasa-ƙasa. Wani lokaci ina tsakiyar ɗinki, yadi mai shara-shara yana zubowa a cinyata kamar ruwa, sai in ga wani ɗaki da ban taɓa shiga ba. Taga ɗaya ce babba, labulen fari, iska tana ɗaga shi tana saukewa, tsani a jingine bayan ƙofa yana hutawa. Sai Anti ta buga almakashi a tebur ta ce in dawo duniya, na ɗinke bakin labulen mutane a karkace.

Mai Tsani ya ce manyansa a shirye suke su zo neman aurena, izinina kawai suke jira. Ni ce na riƙe izinin. Ba wai ina shakkarsa ba. Jikina nake shakka. Na ce ba zan sayar wa bawan Allah kaya a rufe ba, sai na san abin da ya hana ni haihuwa. Shi ya sa wata safiya na ce wa Inna zan biya sayen zare, na wuce asibiti, ɓangaren da ake duba cututtukan da mata da maza ke ɗauka a wurin juna.

Ƙofar tana ta baya, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Na san ta, don na taɓa shigarta a shekarar farko ta aurena, lokacin da mara ta dame ni. Bencinan suna nan yadda na bar su, shuɗin fentinsu ya goge a daidai inda ake zama. A wurin nan ba a doguwar gaisuwa. Kowa ta sunkuya a kan wayarta, amma kunnuwa a buɗe suke. Wata mai goyo tana gaya wa ta kusa da ita cewa ita a bayan gidan haya ta ɗauko nata. Ta kusa da itan ta ce a'a, zama a kan siminti mai sanyi ne. Wata yarinya da sabon zobe a yatsa sai juya zoben take yi. Ni kuma idona ya tsaya a kan labulen ɗakin gwaji, kore mai kauri, wanda aka naɗe bakinsa da babban ɗinki kamar buhu. Da za su ba ni shi na kwana ɗaya da na gyara musu.

An ɗauki abin da za a ɗauka da ɗan tsinke mai auduga, aka ce in jira saƙo. Bayan 'yan kwanaki saƙon ya shigo, ya zauna a ƙarƙashin na Mai Tsani. Nasa ya ce, "Yau sama fes take." Nasu ya ce in zo.

Sistar da na tarar ita ce ta wancan karon, mai jiki, tabarau a rataye da zare a wuya, alƙalami kore a aljihu. Ita ba ta gane ni ba, mata nawa ta gani. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni maimakon bayan tebur, daga nan na san akwai magana. Ta ce an sami irin ciwon sanyin nan da ake ɗauka ta saduwa, wanda suke kira kilamidiya. Na ce ai ba na jin komai, ko ƙaiƙayi. Ta ce halinsa ke nan, baƙo ne marar sallama, mata da yawa sukan daɗe da shi ba su sani ba. Ta ce in cire bayan gida da siminti daga raina, ba daga can yake zuwa ba.

Daga nan ta shiga tambayoyi, a hankali, kamar mai tsefe kan yarinya. Shekaruna. Shekarun da na yi lokacin da na fara sanin namiji. Maza nawa. Ko mijin yana da wasu a waje. Ko muna amfani da kwaroron roba. Ko na taɓa yin wannan ciwon a baya. Ta ce kada in ɗauka zargi ne, kowa da ta zauna a kujerar nan ana yi mata su, domin matan da aka fi samun ciwon a jikinsu su ne masu ƙananan shekaru, da wadda ta yi sabon abokin kwana, da wadda namijinta ke da wasu, da wadda aka taɓa yi wa magani amma ba a yi wa namijin ba. Ina jin ta ina ƙirga kaina a ciki. Ƙuruciya ba ni na saya ba. Wasu a waje kuwa, na tuna wayar Ɗan Gayu da kullum take kife, da yadda yake fita tsakar gida in ta yi ƙara. A lokacin ban iya karatu ba, ko ya bar ta a buɗe a gabana me zan gani?

"Tun da kuka rabu, akwai wani?" ta tambaya.

"Akwai mai nema. Ko hannuna bai taɓa riƙewa ba."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta gyaɗa kai. Sai ta duba katina na da, ta ga lallai an taɓa ba ni magani a nan, har da na miji.

"Wancan karon ya sha nasa?"

"Ya rantse min ya sha."

"Ƙanwata, rantsuwa ba ta kashe ƙwayar cuta."

Ta ce ita ba za ta yanke wa wanda ba ya nan hukunci ba, ko dai bai sha ba, ko ya sha ya sake kwasowa. Ko wanne ne, a jikina ya sauke. Na tattara ƙarfina na tambaye ta abin da ya kawo ni. Ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce ciwon in ya daɗe yana iya hawa sama ya bar tabo a hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ba kowace mace yake yi wa haka ba, amma yana yi. Sai na gama magani za a tura ni wani gwajin a duba. Ta ce ba ta ce a toshe take ba, ba ta kuma ce a buɗe take ba. Ta ƙara da cewa dole a sanar da tsohon mijin, ko ni ko su, kuma in na koma masa bai yi magani ba, na zama mai wanke ƙafa ta sake taka taɓo.

Ta ƙirgo ƙwayoyin mako guda a 'yar farar leda, ta zaro koren alƙalaminta za ta fara zane. Haka suke yi wa wadda ba ta karatu: rana a gefe ɗaya, wata a ɗaya gefen, ɗigo ɗaya a ƙarƙashin kowanne. Wancan karon leda biyu ta ba ni, don kada in haɗa su ta zana ɗankwali a tawa, ta zana gashin baki a tasa, murɗaɗɗe, har muka yi dariya ni da ita. Wannan karon na ce mata ta rubuta kawai, na iya. Ta ɗago ta dube ni, ta rubuta da manyan baƙaƙe. A ranar nan kaf wannan ne kaɗai abin da ya yi min daɗi.

A gida na tarar da Yaya zaune a kujerar marigayi Babanmu, ya cire takalmi, yana juya shayi. Tun da Baba ya rasu ya gaji kujerar da muryar. Ya ce Ɗan Gayu ya sake zuwa wurin aikinsa, har da hawaye. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce in yi wa kaina faɗa, macen da ta shekara uku ba ko ɓari, mijinta ya ce ya ji ya gani, wannan ai gata ne. Mai hawa tsani kuwa, ranar da ya faɗo a kan wa za mu kai ƙara, bango? Shi kaɗai ya yi dariyarsa. Inna tana bakin gado tana shafa zanin da ba shi da ko tattara ɗaya.

Ledar maganin tana cikin jakata, jakar tana kan cinyata, na ɗora hannu biyu a kai. Na san lissafin da Yaya zai yi in na faɗa. Watanni nawa da barina gidan miji, ga shago, ga makarantar yamma da tun farko bai so ba, ga wani dogo mai aiko da saƙo kowace safiya. Ba Ɗan Gayu zai kalla ba. A kan mutumin da ko hannuna bai riƙe ba za a juye kayan, sunana da nasa su ɓaci rana ɗaya. Ni kuma ba ni da shaida sai bakina, bakin bazawara kuwa kun san kuɗinsa a kasuwa.

Inna ce ta sa baki. Ta ce ƙafar Hajiya ta tashi, uwar Ɗan Gayu ke nan, ya kamata in je in duba ta ko don zaman da muka yi. Na ga yadda suka haɗa ido da Yaya, na san shiri ne. Amma Hajiya ba ta taɓa ɓata min ba. Ranar da aka sake ni ita ta fi ni kuka.

Washegari da la'asar na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda Anti ke tsokanata wai da ragowar labulen otal na ɗinka ta, na yafa gyale ruwan hoda, ban shafa komai a fuska ba don kada a yi min fassara. Na zaɓi lokacin da na san Ɗan Gayu yana shagon wayoyinsa.

Ɗakin Hajiya bai canja ba. Gadon ƙarfe mai rumfa, agogon bango da ke gaba da kowa da kwata, labulen furanni da na ɗinka mata da keken hannu ina amarya, ya koɗe ta gefen da rana ke bugu. Ta rungume ni tana cewa 'yarta ta rame, wa ke cinye min abinci. Na zauna a ƙasa na ɗora ƙafarta a cinyata ina matsa mata gwiwa kamar da. Ta ba ni labarin kowa a layin, wa ta haihu, wa ya tashi, wa ya sayi firji ba shi da wuta. Ni dai ina ji. Rana ta ratso labulen ta zuba furanni a kan siminti, na ji kamar ban taɓa barin gidan ba, har wani ɓangare na zuciyata ya fara cewa ko haƙurin zan yi.

Sai ta ce kanta na sarawa, in ɗauko mata gwangwani.

Wanda bai san gwangwanin Hajiya ba bai san Hajiya ba. Tsohon gwangwanin biskit ne mai hoton jirgin ruwa a murfi, yana zama a saman kwaba. A gidan nan ba a zubar da magani. Duk wanda aka rubuta wa ƙwaya ya ji sauƙi kafin ta ƙare, ragowar gwangwani za ta. Hajiya ba ta karatu, da kala take aiki: ja na ƙarin jini, fari na ciwon kai, rawaya na zazzaɓi, masu kala biyu kuwa na babban ciwo ne, ba a ba kowa sai wanda ya jigata. Maƙwabta sukan aiko, ita kuma ta ba da da alfahari, tana cewa likita da kansa ba zai fi ta tattali ba. Ina amarya nakan daɗe ina kallon jirgin nan ina tunanin inda za shi.

Na buɗe ina tona fari. Warin tsohon magani ya bugi hancina. A can ƙasa, a lungu, ƙarƙashin wata kwalbar ɗigon ido da ta bushe, yatsana ya taɓa 'yar leda da aka naɗe da roba. Na juyo ta.

Rana a gefe ɗaya. Wata a ɗaya gefen. A tsakiya gashin baki, kore, murɗaɗɗe.

Ledar cike take, kaɗan ne babu.

Agogon bango na ta tafiyarsa. Hajiya ta leƙo ta ga abin da na riƙe, ta yi dariya har da tafa cinya, ta ce kullum ta ga zanen nan sai ta tuna gashin bakin marigayi mijinta. Na tambaye ta, da muryar da ban san tawa ce ba, inda ta same shi.

"Ai mijinki ya kawo min, tun kina amarya. Ya ce asibiti suka ba ki ki kawo masa, shi kuwa ko mura ba ya yi, kada a yi asara. Yaron kirki, ya san halina. Biyu na ba mai gadin maƙwabta da haƙori ya hana shi barci, ya ce sun yi masa aiki. Sauran ina ta tattalinsu, irin wannan masu kala biyun ba ko'ina ake samu ba."

Na tuna daren da na miƙa masa ledar, kaina a ƙasa, kunya kamar ta kashe ni, na maimaita masa abin da Sista ta ce. Na tuna bayan mako guda ya dafa ƙirji ya ce ya shanye tas, har ɗaci ya hana shi cin abinci. Shekarun da suka biyo baya, duk wata in na ga jini sai in shiga bayan gida in yi kuka a hankali, in fito in nemi gafararsa a zuciyata. Duk wannan lokacin maganin yana saman kwaba, taku kaɗan daga ɗakina, jirgin ruwa a kansa.

Ban yi kuka ba. Na ba ta farinta da ruwa, na ce ko za ta bar min wannan. Ta ce in ɗauka, me ta mallaka da ya fi ƙarfina, tukuicinta kawai in dawo mata gida. Na gyara mata matashi, na ja labule, na fito. Ba ta san abin da ta ba ni ba, ni kuma ban iya gaya mata ba.

Da safe saƙon Mai Tsani ya shigo: "Yau bene za mu hau. Ki zo da allura." Wani sabon gida ne da ba a tare ba, labulen falon ya yi tsawo, Anti ta ce in bi su in rage a can. Muka hau hawa na sama. Anti ta tsaya a ƙofa da matar gidan suna ciniki a kan kalar ɗakin yara, muryoyinsu na shigowa suna fita. Falon fanko ne, warin sabon fenti, taga babba daga bango zuwa bango. Mai Tsani ya buɗe tsaninsa ya ce in riƙe masa.

Tun ranar farko da na taɓa riƙe masa ya faɗa min dokar aikin: mai riƙe tsani ba ya saki, ko kunama ce ta hau ƙafarsa. Kuma ba a gaya wa na sama labari mai nauyi sai ya sauko. Na san dokar. Amma na san kaina, in ya sauko ya dube ni ba zan iya ba. Ya rataya rabin labulen, fari mai shara-shara, iska ta ɗago shi ya shiga tsakaninmu, ba na ganin komai nasa sai takalminsa da fenti ya ɗiɗɗiga a kai. Takalmin na gaya wa.

Na faɗi ƙofar baya da Sista da sunan ciwon. Na faɗi tambayoyin da amsoshina, ɗaya bayan ɗaya. Na faɗi gwangwani da gashin baki. Na faɗi abin da Yaya zai zata. A ƙarshe na faɗi maganar hanyar ƙwai, yadda aka faɗa min, ban rage ba ban ƙara ba. Tsanin bai motsa ba. Iska ta kwantar da labulen ta sake ɗaga shi.

"Miƙo min ƙusa," ya ce.

Na miƙa da hannu ɗaya. Ya kunna injin huda bango, farar ƙura ta zubo a kan gyalena. Ya ɗaure ƙarfen, ya gwada shi da hannu, ya ja labulen dama ya ja hagu. Ni dai ina riƙe. A raina na ce shi ke nan, yana neman hanyar sauka ne da mutunci.

"Kada ki saki, zan sauko."

Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa bai dube ni ba, ya zaro fensir daga kunne ya mayar. Ya tambaya ko na fara shan maganin, na ce na fara. Ya tambaya ko na karya kafin in sha, na ce na karya. Sai ya sake jefo tambaya.

"Wace rana suke ganin maza?"

"Kai me zai kai ka? Ba abin da ya haɗa mu."

"Ni na sani, ke kin sani. Yayanki bai sani ba. Gara a duba ni, in ya tambaya in sami abin nuna masa."

Na ce masa ko ya ji maganata ta ƙarshe, ta haihuwa. Ya ce ya ji. Na jira. Ya sunkuya yana tsince ƙusoshin da suka zube yana zubawa a aljihu, ɗaya bayan ɗaya. 'Yan uwa, ba zan yi muku kwalliya ba: bai ƙara komai a kai ba. Na kuma lura bai ƙara ba.

A nan wayata ta yi ƙara a jaka. Yaya ne. Shi da ba ya rubutu sai kira, yau ya rubuta. Na bi da yatsa: "Ki dawo gida yanzu. Mijinki yana nan. Ya ce kin je kin ɗauki magani a wurin uwarsa, kuma an gan ki a ƙofar baya ta asibiti. Ya zo da magana a kanki da mai tsanin nan."

Ashe Hajiya ta ba shi labarin zuwana da murnarta, har da kyautar da ta yi min. Shi kuma ya gane, ya riga ni.

Na miƙa wa Mai Tsani wayar. Ya karanta, ya hure ƙurar da ta sauka a kan gilashin, ya mayar min. Ya leƙa ya ce wa Anti ragin labulen sai gobe. Sannan ya ninke tsaninsa ya saɓa a kafaɗa. Na ce masa ba a zuwa gidan surukai da tsani. Ya ce in ya bar shi a nan aka sace, da me zai ciyar da ni.

Haka muka bi titi, shi a gaba ni a baya, inuwar tsanin tana tafe a ƙasa tsakaninmu, ina taka matakalanta ɗaya bayan ɗaya ba na hawa ko'ina. Har muka sha kwanar layinmu bai ce min komai a kan haihuwa ba, ni ma ban sake tambaya ba. Turaren Ɗan Gayu ya tarye mu tun daga bakin ƙofa. Ta taga na hango Inna zaune a bakin gado, yau ba ta gyaran komai.

Mai Tsani ya jingina tsaninsa a bangon gidanmu, ya karkaɗe girarsa. Na sa hannu a jaka na laluba har na ji 'yar ledar da robarta a tafin hannuna, na damƙe ta.

Ni na fara yin sallama.